Ƙirjin Kaza

Shekara talatin da ɗaya ina yanka a Kasuwar Barci,
shadda, atamfa, leshin da tsadarsa ke sa hannu rawa,
ban taɓa ɓata wuyan riga ba.
Yau ga ni a madafa, a Tudun Nupawa,
ƙirjin kaza guda ya gagare ni,
yana zille mini kamar sabulun da ya kwana a ruwa.

Likita a Barau Dikko ya ce wa Tabawa
ban da kitse, ban da fata,
ban da suyar da ke iyo cikin mai.
Hannunta na dama kuwa
tun watan azumi bai sake riƙe wuƙa ba.
Tana bakin ƙofa a kujerar roba, zane a gwiwa.
Bakinta ya ɗan karkace,
umarninta yana nan a miƙe.

"Ilu, goge shi da tsumma tukuna.
Jiƙaƙƙen nama ba ya jin magana.
Da da wuta, da ka sa shi a firij ya ɗan sandare."
Rabonmu da wuta tun Talata.

Na goge, na shimfiɗa shi a katako.
Na kai hannu bayan kunne neman alli,
sai na tuna inda nake.

Yankan farko ya fito kamar kunnen akuya.
Na biyu, igiyar takalmi.
Na uku ya ƙi rabuwa da uwarsa,
wata farar jijiya ta riƙe shi kamar mai bin bashi.

Ta yi dariya da rabin fuska.
Na daɗe ban ji ko rabin ba.
"Wuƙar nan ko tuwo sai ta yi shawara.
Je ka wasa ta."

Na durƙusa a dakalin siminti,
gaba, baya, gaba, baya,
yaran Malam Tanimu suna leƙe ta kan katanga,
yau sun ga tela da wuƙar girki.

"To, duba shi da kyau. Yana da zare."

Na gyara tabarau, na sunkuya.
Ashe akwai.
Siraran layuka kwance a jere, duk sun nufi waje ɗaya,
saƙa ce ba ƙulli, ba tsallake,
irin wadda ko masaƙun Kakuri a zamaninsu
ba su taɓa fitarwa ba.

"Kada ka bi shi, gitta shi.
In ka bi zare, haƙori ne zai biya."

A shago zare nake bi, shi ya ciyar da mu.
A nan an ce in saɓa masa.

"Lanƙwashe yatsun hagu, ɓoye farce kamar kyanwa.
Yatsun nan su ne jarin gidan nan.
Ja wuƙar, kada ka danna,
ba faɗa kuke yi ba.
Faɗin ɗan yatsanka, kada ka ƙara."

Na ja.
Naman ya buɗe shiru,
ba irin ƙarar almakashi a sabuwar shadda ba,
ba ƙara ko kaɗan.
Sili ɗaya ya kwanta a gefe.
Na sake ja, wani ya kwanta kusa da shi.
Gumi ya gangaro mini ta bayan kunne
inda alli ke zama.

Sau nawa na ci irin wannan a cikin miya,
ina sauraren rediyo, ina cewa gishiri ya yi kaɗan?

Sili goma sha ɗaya na ƙirga.
Bakwai za su iya shiga mutane.
Na kai mata farantin kamar mai kai ɗinkin sallah,
ta sa hannun hagu ta ɗaga kunnen akuyar nan,
ta juya shi a hasken taga.

"Da riga ce, da na dawo maka da ita."

Ta mayar da shi cikin 'yan'uwansa.
"Wanke katakon da sabulu, wanke hannu har gwiwa.
Kunna risho.
Gobe albasa."